Gaisuwar da Na Kai wa 'Yar Majalisa a Cheras

Tun da na dawo daga Maleshiya ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi min sannu da zuwa, kafin ta ajiye kofin ruwa sai ta ce, “Hajiya Binta, wai da gaske har ofishin 'yar majalisa kika je a can, ke da ko zo-in-kashe-ki ba kya ji da Turanci?” Na faɗa a Islamiyya, na faɗa a gidan suna, bakina ya gaji. To ku matso, yau zan kwashe shi tun daga farko, wadda ba ta nan sai ku ba ta labari.

Wankan jego ne ya kai ni. 'Yata ta fari, wadda ƙannenta suke ce wa Yaya, gwamnati ta tura ta karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, tana zaune can da mijinta. Kun dai san mu da 'ya'yan fari. Tun da na haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, in ta kama dole sai in ce “ke”, ko in ari Yayan da yara suke faɗa. Kakarta ce ta goye ta. Tana ƙarama in ta faɗi a tsakar gida sai in kau da kai har wani ya ɗaga ta, alhali hankalina duk yana kanta. A ƙa'ida ƙanwata Asabe ce ya kamata ta je, don uwa ba ta rawar ƙafa a kan haihuwar 'yar fari. Sai dai Asabe ba fasfo, ga ciwon gwiwa, ni kuwa nawa na Makka yana nan a ƙasan akwati. Na yi ta cewa an matsa min, amma a raina Allah ya sani daɗi nake ji.

Surukin nawa shi ma ɗalibi ne a can. A lokacin ya zo gida tattara bayanan bincikensa, da niyyar ya biyo ni bayan 'yan makonni, kafin haihuwa. Shi ya raka ni Abuja a motar haya, yana gaba ina baya, kowa ya sunkuyar da kai. In zai yi magana sai ya ce, “Direba, tambayi Umma ko a tsaya a saya mata ayaba.” Ni ma in ce, “Direba, ka ce masa Allah ya yi albarka, a ƙoshe nake.” Muna wuce Kaduna direban ya ce, “Jama'a, ni fa tuƙi aka ɗauko ni, ba tafinta ba.” Surukina ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige, ni kuma na ja mayafi na rufe baki ina dariya.

Jirgi dai kun san shi, zama ne har ƙafa ta kumbura. Mun sauka a wata ƙasar Larabawa muka canza wani, na bi bayan wata mai hijabi ina zaton hanyarmu ɗaya, ashe banɗaki za ta. Inda aka yi ta shi ne wajen masu duba kaya a Kuala Lumpur. Jakata ce cike da kayan jego, kanwa da yaji da kuka da daddawa da garin kunu. Wani saurayin ma'aikaci ya buɗe ƙullin daddawa, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya ɗauko dunƙulen kanwa yana jujjuyawa, ya kira ɗan'uwansa, suka tsaya suna kallona. Na ga abin zai yi nisa, sai na karɓa na gutsira na lasa, na shafa cikina, na yi alamar goyo. Babbarsu, wata mai ɗankwali, ta fashe da dariya ta ce a rufe min jakata. Na fito na tarar da yarinyar nan, 'yar tawa, tana jirana, ciki ya yi gaba, ta yi baƙi ta rame a wuya. Ta taho za ta rungume ni, na ce, “Ke, karɓi jakar nan mana.” Nan take na tuna halin da take ciki na fizge abata.

Gidansu a wata unguwa yake da ake kira Cheras, can saman wani dogon bene, in ka leƙa ƙasa sai kanka ya juya. Ba tsakar gida, ba zaure, shanya ma a wani ɗan lungu ake yi a bakin taga. Abin da ya burge ni da mutanen shi ne cire takalmi a bakin ƙofa kamar mu, da gaisuwarsu, in sun taɓa hannunka sai su kai nasu ƙirji. Abinci kuwa sai haƙuri. Shinkafa da sassafe kamar gidan biki, an dafa ta da madarar kwakwa, ga miya da sukari a ciki. Akwai wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi, durian, warinsa tun daga ƙasan bene yake yi maka maraba. Na fara tsaki, yarinyar nan ta ce, “Umma, ke da kika shigo musu da daddawa?”

Ban daɗe da zuwa ba korona ta rufe duniya. Aka kulle gari, aka rufe iyaka, ba shiga sai dai fita, kuma jiragen ma suka ɗauke. Surukina yana Kano, mu muna nan. Ranar da naƙuda ta tashi motar asibiti ce ta zo ta ɗauke ta ita kaɗai, aka ce ba a shiga da kowa. Na tsaya a bakin lif da zani a hannu har ƙofar ta rufe. Na yi sallar walha, na zauna a kan dardumar na kasa tashi har aka bugo aka ce ta sauka, an sami namiji. Suna ta waya aka yi shi, ragon a Kano aka yanka, mu ko ƙanshinsa ba mu ji ba. Ni dai Angona nake ce wa yaron.

Wanka ne ya haɗa ni da maƙociyarmu. Ba murhu, ba tukunyar jego, a butar lantarki nake ta dafa ruwa ina juyewa a bokiti. Da na gama na ce bari in turara ɗaki, kun san sana'ata ce turaren wuta. Ina zuba shi a garwashi sai wani abu a jikin silin ya kama ihu kamar an yanka shi. Innalillahi! Na rasa inda zan sa kaina. Sai ga bugun ƙofa, wata tsohuwa gajeriya da takunkumi a fuska da bokitin ruwa a hannu, ta zo kashe gobara. Ta ga kasko, ta ga jariri, ta ajiye bokitin. Ta juya, jim kaɗan ta dawo da ganyaye masu ƙanshi, da wani dutse da ta gasa ta naɗe a tsumma, da dogon ƙyalle na ɗaure ciki. Ashe su ma suna jego, nasu ma ya ɗara arba'in. Makcik Salma ke nan. Makcik a wajensu kamar a ce Gwaggo ne. Ita ta gasa cikin mai jego da dutse, ni in yi wanka in dama kunun kanwa. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Abin da muka haɗa shi ne salati da alhamdulillahi da insha Allahu, sai “makan” da na koya, wato cin abinci, da “boleh”, wato zai yiwu. Da waɗannan muka yi hira fiye da shekara.

Eh, fiye da shekara. Ni da na je arba'in, sai ga Angona yana rarrafe, har ya fara dafa bango. Bizata ta ƙare tuntuni, amma an yi wa irinmu uzuri saboda ba hanya. Ta surukina ma ta ƙare yana gida, ya nemi izinin dawowa, ya cika duk abin da aka ce ya cika, kullum amsa ɗaya, ana dubawa. Ba shi kaɗai ba ne, an ce takardu sun taru, ma'aikata kuma ba duka suke fita ba saboda cutar. Kullum da yamma zai bugo, a jingina wayar a jikin filo, yaron ya yi ta dukan gilashin. Kalmar da ya fara faɗa “Baba” ce, kuma waya yake nufi. Ko tawa ya gani a kan tabarma sai ya rarrafa ya ɗauka ya ce Baba.

Ana gab da azumi aka yi sanarwa cewa duk baƙin da bizarsu ta ƙare su bar ƙasar kafin wani wa'adi. Wato ni ke nan. Ita kuma yarinyar nan aikinta ya kai wajen da kullum sai ta je ɗakin gwaje-gwaje a makarantarsu da ke Jalan Semarak, ga wa'adin da gwamnati ta ɗebar mata ya kusa cika. In na tafi, uban bai zo ba, wa zai riƙe yaro? Wata rana da hantsi ina wanke-wanke na jiyo ta a ɗaki tana waya da mijin. “Ka bar shi kawai,” in ji ta. “Zan haƙura da karatun in biyo Umma mu taho. Na gaji wallahi.” Shekarun da ta kwashe tana wahala, tun tana karatu da fitilar ƙwai a ɗakin kakarta, za su tafi a banza saboda hatimi ɗaya. Na tsaya da soso a hannu, hawaye yana zuba cikin kwanuka.

A gida surukina ya je wajen ɗan majalisarmu. Bawan Allah ya karɓe shi, ya yi alkawari, har ya sa aka yi rubutu, amma hannunsa bai kai can ba. To ni kuma dama Makcik ta taɓa jana wani ɗan shago a ƙasan benaye inda ake raba wa mutane shinkafa da mai saboda kulle. Ta nuna min wajen, ta ɗaga ɗan yatsanta ta yi alamar dangwala ƙuri'a, ta ce “Waibi”. Na tambayi yarinyar nan, ta ce ai Waibi shi ne Honorabul ɗinsu, ofishin wakilin unguwar ne a majalisa. Na ce a raina, to ai wannan aikin na iya shi. Ba ni na samo wa unguwarmu gyaran famfo ba? Kun san yadda ake yi. Ba a zuwa wa babban mutum da buƙata a baki kamar mai bin bashi. Ka je ka gaishe shi ka tafi. Ka sake komawa da ɗan abin hannu ka gaishe shi ka tafi. Shi da kansa wata rana zai ce, “Hajiya, lafiya kuwa?” Sannan ka ce, “Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe, dama dai...” Ban gaya wa yarinyar nan ba, don na san abin da za ta ce, “Umma, nan fa ba Kano ba ce.”

Tana fita makaranta na goya Angona, na ɗauki kwalbar turarena mai kyau, na ƙwanƙwasa wa Makcik na ce, “Waibi.” Ta ce, “Boleh.” A bakin ƙofa aka saita min wata 'yar bindiga a goshi, na yi salati, ashe zafin jiki ake aunawa. A ciki na hango wani mai ƙiba a bayan tebur, da riga mai zane tana sheƙi. Na ce ga shi nan. Na durƙusa na gaishe shi da Hausa tsaf, ina kwana, ina gajiya, ya jama'a, ya haƙuri da wannan annoba. Na ajiye turare na miƙe. Ina juyawa wata 'yar siririyar Basiniya da riga mai gajeren hannu da takalmin 'yan ƙwallo ta ɗora min buhun shinkafa, ta yi wa goyona wasa. Na ce ikon Allah, ashe nan tukuici tun a zuwan farko ake bayarwa.

Zuwa na biyu na kai cincin. Na gaishe da mai ƙiba, siririyar nan ta ƙara min shinkafa, har da mai da ƙwai. Yarinyar nan ta dawo ta ce, “Umma, wannan shinkafar fa daga ina?” Na ce, “Makcik ce.” Ban yi ƙarya ba, ai ita ta taya ni ɗauka. Amma raina ya fara ɓaci. Wa'adina yana matsowa, an riga an saya min tikiti, yarinyar nan ta fara ware littattafan da za ta bayar, shi kuwa mai ƙiba ko sau ɗaya bai ce “lafiya kuwa?” ba.

A zuwa na uku na gama gaisuwata na yunƙura zan tashi, sai na ji an riƙe min zani ta baya. Makcik ce. Ta zaunar da ni a kujera da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta juya wajen siririyar nan ta dinga zuba magana, tana nuna ni, tana nuna yaron, tana yin alamar jirgi da hannu. Siririyar ta ajiye kwalin da take ɗauke da shi, ta jawo kujera ta zauna a gabana. Ta latsa waya ta yi magana, ta ajiye ta a tsakaninmu. Sai na ji an ce, “Salamu alaikum, Mama, da Hausa za mu yi.” Wani ɗalibi ne ɗan Zariya da yake zaune a unguwar Danau Kota, ta san shi wajen rabon abinci ga ɗalibai baƙi. Rabona da jin Hausa a bakin wani ba 'yata ba har na manta.

Na ce, “Ɗan nan, ka gaya mata ba shinkafa nake nema ba, wajen Honorabul na zo, ga shi can.”

Ya yi magana da ita, sai na ji ya ƙyalƙyale da dariya. “Mama, ai wancan direbanta ne. Wadda take gabanki ita ce Honorabul ɗin.”

Tabɗijam! Na dubi takalminta, na dubi hannunta da ƙurar buhu. Na zame zan durƙusa, ta yi wuf ta riƙe ni. Ta ce a tambaye ni me ya sa tun zuwan farko ban faɗi damuwata ba. Na ce a garinmu sai an tambaye ka. Sai ta ce wani abu a hankali. Ɗan Zariya ya ce, “Ta ce to ga shi tana tambaya. Mama, ki faɗa kai tsaye mana, nan ba a kwana-kwana.”

Na faɗa. Na faɗi uban da bai taɓa ɗaukar ɗansa ba, da wa'adina, da karatun da za a bari. Na ce na san ba ni da ƙuri'a a ƙasar nan. Da aka fassara wannan, Makcik ta buga ƙirji ta ɗaga yatsa, ko ba tafinta na gane, cewa take ita tana da ita. 'Yar majalisar ta ce ba ita ke ba da biza ba, kuma ba za ta yi min alkawarin abin da ba ya hannunta ba, amma za ta rubuta ta tambaya a ina maganar ta tsaya, ta kuma bi sawu. Ta ɗauki biro. “Mama,” in ji ɗan Zariya, “sunan 'yar taki da na mijinta.”

Na ji kamar an zuba min ruwan sanyi. Makcik ta yi saurin cewa, “Yaya,” don abin da take ji ina faɗa ke nan. Ɗan Zariya ya ce, “A'a, sunan yanka ake so.” Ya rage murya. “Mama, 'yar fari ce ko? Yi haƙuri. Ni ban san su ba, da na hutar da ke.” Biro yana tsaye a kan takarda, Angona yana jan ɗankwalina. Na runtse ido, na faɗi nata, na faɗi nasa, a cikin takunkumi. Aka ce ba a ji ba, in ƙara. Na ƙara da ƙarfi. Bakina ya yi wani iri, kamar na ci abin da ban taɓa ci ba, kuma ga mamakina ba ɗaci.

Da yamma aka bugo wa yarinyar nan daga ofishin ana neman lambar fasfon mijinta. Ta gama waya ta tsaya a kaina. “Umma, wa ya ba su sunanmu?” Na ce, “Oho. Miƙo min ludayin can.” Ta daɗe tana kallona kafin ta miƙo.

Ko takardar 'yar majalisar ce ta yi aiki, ko lokaci ne ya yi, Allah ne masani. Ni dai na san ana saura kwanaki kaɗan in tashi izinin ya fito. Surukina ya sauka muna cikin azumi, aka wuce da shi wani otal aka killace shi, kuma ba zai fito ba sai bayan na tafi. Makcik ta ce ita za ta riƙe yaron kafin nan, ta nuna bayanta ta nuna zanina, dole na bar mata shi na koya mata goyo irin namu. Mun je ƙasan otal ɗin da rana, ya leƙo ta taga can sama yana ɗaga hannu, uwar ta ɗaga yaron sama tana cewa, “Ga Baba, ga Baba.” Shi kuwa gogan sai laluben jakarta yake yana neman waya. Ni na tsaya gefe na ba su baya, kun san ba a kallon suruki.

Ranar tafiyata ta raka ni filin jirgi da yaron a kafaɗa. Akwai inda masu rakiya suke tsayawa. Na sumbaci Angona na ce masa ya yi min alkawarin ba zai yi min kishiya da Makcik ba. Ita kuma na ce mata, “To, a yi karatu da kyau. A dinga cin abinci.” Ta ce, “To, Umma. Allah ya kiyaye hanya.” Ta juya da sauri don kada in ga idonta.

Na yi gaba kaɗan, na waiwaya. Tana tafiya, ta rame a wuya kamar ranar da ta tare ni, ita kaɗai a cikin mutanen da ba nata ba. Ban san lokacin da na janye takunkumina ba.

“Rukayya!”

Ba ta juyo ba da farko. Ta tsaya cak, tana dube-dube gefe da gefe, don ba ta taɓa jin sunan da wannan muryar ba. Sannan ta waiwayo a hankali.

Na ce, “Allah ya yi miki albarka, Rukayya.”

Ta zauna a ƙasa a wajen, da yaron a jikinta, ta rufe fuska. Ni kuma ma'aikacin yana ta miƙo hannu yana jiran fasfona, na kasa ganin aljihun jakar da na sa shi.